Fijon Baba: Yadda Muka Tayar Da Motar Da Ta Shekara 11 A Gindin Bedi

Peugeot 504 ce, wadda kowa ke ce wa fijo, fara, ƙirar GR, haɗin Kaduna. Mahaifinmu ya saye ta sabuwa fil da rancen mota na ma'aikata a farkon shekarun 1980, tun Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Da aka yanke mana jiha a 1987, a cikinta ya ɗebo mu muka dawo gida. Ta kai mu makaranta, ta kai amaren unguwa ɗakunansu, ta kai masu naƙuda asibiti da tsakar dare, har ranar da ta tafasa a hanyar dawowa daga Daura cikin zafin bazara, aka jawo ta da igiya. Bakaniken da aka kira ya zare sandar duba mai, ya ga baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa, ya girgiza kai ya ce injin ya buga, sai dai a nemo wani. Lokacin Baba ya riga ya yi ritaya, fansho kuma kowa ya san halinsa. Sai aka tura ta gindin bedin da ke harabar gidanmu, can wajen Ƙofar Marusa, aka lulluɓe ta da tamfol. Shekara 11 tana nan.

'Yan gwangwan sun yi ta zarya a kanta. Ran nan ƙanena ya ce da ni a gaban Baba, "Yaya, wannan fa ƙarfe ne kawai ya tare mana wuri. A sayar a huta." Baba bai ko ɗago kai daga carbinsa ba ya ce, "Ku bari in na kwanta dama sai ku sayar." Maganar ta tsaya mini a rai. Ni malamin makaranta ne, iyakar kanikancina shi ne canja fulogi da ɗaure sarƙar babur ɗina. Amma na ce zan gwada tayar da ita a gida, Asabar da Lahadi, da abin da ya saura a albashi.

Ba gangancin banza ne ya sa na yi wannan tunani ba. Irin wannan mota an yi ta ne a zamanin da mai abu zai iya buɗe bonet ya gane abin da yake gani. A 1968 aka fara fito da ita a Faransa, a 1969 ta ci kyautar motar shekara ta Turai, a 1975 kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki, ta cika ƙasar nan da fijo har ta zama motar gwamnati, motar haya, motar Alhaji. Injin tamu mai silinda huɗu ne, lita biyu, a kishingiɗe yake a gefe guda, ƙarfin kuma tayoyin baya yake zuwa. Ba kwamfuta, ba na'urar da sai an jona mata wata na'ura kafin ta faɗi ciwonta. Kafireta ce ke haɗa mai da iska, famfon da injin ke kaɗawa ne ke jawo fetur daga tanki, kwail da distirbuta da kontak ne ke ba da wuta. Duk wanda ke da sifanu da sukudireba da haƙuri zai iya bin waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, a cikin wannan sauƙin akwai tarko guda, kuma kai tsaye na je na taka shi.

Da muka yaye tamfol, abin da muka tarar ya fi ƙarfin dariya. Tayoyi huɗu sun zauna sun tsattsage. Ɓeraye sun yi sheƙa a bayan dashbod, sun cinye wayoyin fulogi da rabin na fitilu. Zanzaro ya yi gini a cikin tukunyar matatar iska, har da bakin salansa. Kajin Hajiya sun mayar da kujerar baya akurki. Amma ƙarfen jikin lafiya lau, in ban da ƙasan but da wajen ajiye batir. Wannan ita ce ribar busasshiyar ƙasa irin tamu: rana tana cin fenti da roba, amma tsatsa ba ta samun yadda take so. Da a Legas ta yi wannan zaman, da sai dai a kwashe ta da shebur.

Ƙanena ya ari batir a wurin abokinsa, wai a sa a murɗa makulli a ga abin da zai faru. Na hana, kuma wannan na cikin 'yan abubuwan da na yi daidai tun farko. Injin da ya daɗe a ajiye babu ɗigon mai a bangon silindarsa, zobban fistin kan manne, in kik ya fizge shi da ƙarfi sai zobe ya karye ko bango ya karce. Ga tsohon fetur, wanda in ya daɗe yakan ƙafe ya bar wani danƙo mai wari kamar fenti, ya toshe duk ƙananan ƙofofin kafireta. Don haka tanki muka fara saukewa, muka wanke, muka shanya. Muka sake duk tiyon fetur, muka warware kafireta a kan faranti, kowane ƙaramin ƙarfe a murfin kwalba daban, ina ɗaukar hoto da waya kafin in kwance komai. Wannan ɗaukar hoto ya cece ni ya fi sau goma.

Sannan muka cire fulogai. A fijo suna can cikin rami mai zurfi ta tsakiyar murfin injin, sai da doguwar sifanar fulogi. Da suka fito sai na ga bakinsu jiƙe da tsohon baƙin mai. Na tambayi Baba, sai ya ce ai kafin ya rufe motar ya tsiyaye ruwan lagireto tas, ya zuba mai cokali-cokali a kowane rami, kamar yadda wani direban ma'aikatarsu ya taɓa gaya masa. Shekara 11 bai taɓa faɗa wa kowa ba. Wannan 'yar dabarar ita ta sa muka sami injin da za a gyara. Duk da haka bai juya ba a ranar farko. Muka zuba man dizal gauraye da baƙin mai a ramukan, muka bar shi mako guda, kullum da yamma mu sa giya ta huɗu mu ɗan tura motar gaba, mu ja ta baya, a hankali. Ranar ta takwas sai muka ji ya saki. Na sa sifana a kan notin gaba, ya zagaya sumul, ba ƙara, ba tsayawa. Ashe injin bai buga ba. Gasket ɗin kan injin, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da gangarsa, shi ne ya ƙone, ruwa ya sami hanyar shiga mai.

Murna ta ɗebe ni. Na kwance kusoshin nan goma, na sa ƙanena ya kama gefe na kama gefe, muka ɗaga kan injin, wanda makanikai ke ce wa tof, sama da ƙarfin tsiya don ya manne. Ga ƙunar gasket nan a fili tsakanin silinda biyu na tsakiya. Ɗaya daga cikinsu tana da zoben tsatsa a bango. Sai na ce bari in juya injin in sauke fistin ƙasa in goge wurin. Na juya sau uku ko huɗu. Na lura bakin silindar ya ɗan taso sama kaɗan, sai na ɗora katako na buga masa guduma ya koma. Ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Na kai tof wurin masu injin gyaran ƙarfe, domin na alminiyam ne, zafi kan lanƙwasa shi, kuma da na ɗora rula ta ƙarfe a kansa haske na wucewa ta tsakiya. Suka share shi ya daidaita. Na sayi gasket mafi araha da na samu, na mayar da komai, na zuba sabon mai lita huɗu, na cika lagireto. Ranar tayarwa yaran unguwa sun cika ƙofar gida. Na murɗa makulli sai ta yi wata irin tusa ta kafireta, fam, har da harshen wuta, yara suka watse. Laifin nawa ne: na ɗauka silinda ta ɗaya ita ce ta gaba kusa da lagireto, alhali a fijo daga baya ake ƙirgawa, ta kusa da giyabos ita ce ta ɗaya. Da na sauya wayoyin, na bi jerin wuta 1-3-4-2 daga inda ya dace, bugu biyu ta tashi. Hajiya ta rangaɗa guɗa daga cikin gida.

Kwana huɗu murnar ta yi. Kullum sai in ga ruwan lagireto ya ragu, ba kuwa ɗigo a ƙasa. Na zare sandar duba mai, sai ga kunun gyaɗar nan ya dawo.

A nan na ajiye girman kai na je neman wani dattijo da aka kwatanta mini, wanda ya tsufa a gyaran fijon haya masu zuwa Kano da Maraɗi. Yanzu ido ya yi rauni, yaransa ne ke aiki, shi yana zaune a benci. Na gaishe shi, na kwashe labari na faɗa masa, ina ta ɗora laifi a kan gasket mai araha. Ya bar ni na gama tukuna.

"Malam, da ka sauke tof, ka juya injin?"

"Na juya, Baba. Don in goge tsatsa."

"Ka danne silibu kafin ka juya?"

Na ce ban san ana danne wani abu ba. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "To ai gyaran gangar Auzinawa ka yi."

Ga abin da ya bayyana mini, wanda shi ne zuciyar wannan lamari gaba ɗaya. A yawancin injina, silinda huda ce da aka yi a cikin gangar jikin injin, ba ta motsi. A fijo ba haka ba ne. Kowace silinda bututun ƙarfe ne mai zaman kansa, shi ne silibu, ana zura shi a cikin gangar, ruwan sanyaya injin yana kewaye da shi kai tsaye. A gindin kowane silibu akwai siririn abin toshi da ke raba ruwan da ke sama da baƙin man da ke ƙasa. Babu kusar da ke riƙe da silibu. Nauyin ɗaurin tof ne kaɗai ke danne shi. Da zarar an cire tof, silibu a sake yake. In aka juya injin, fistin na tasowa sai ya tura shi sama, musamman in akwai tsatsa da zobba za su kama, abin toshin nan ya yage ko datti ya faɗa ƙarƙashinsa. Ko ka buga shi ya koma, ya riga ya ɓaci. Shi ya sa masu sani ba sa ɗaga tof sama kai tsaye, sai su bar kusa ɗaya a sassauce a kusurwa, su goce da shi gefe ya rabu da gasket tukuna. Da ya sauka kuma nan take su sa manyan wasa da gajerun kusoshi su danne bakin silibu. Ni kuwa na yi duka laifin biyu a wuni guda.

Amfanin tsarin shi ne injin ba ya tsufa har abada: in silinda ta cinye, ba sai an kai ganga an huda ba, sabon silibu da fistin da zobba kawai za a zura. Abin da ya sa fijon haya suka yi ta yawo shekara da shekaru ke nan. Amma ga wanda bai sani ba, rami ne a rufe da tabarma.

Dattijon ya yarda ya riƙa zuwa gidanmu ran Asabar, ni in yi aikin, shi ya zauna a kujera yana faɗa. Na so mu rataya sarƙar ɗaga injin a reshen bedi kamar yadda ake yi a bakin titi, ya ƙi, ya ce bedi yana karyewa ba sallama. Muka aro ƙafa uku ta bututun ƙarfe. Haka kuma ya hana ni shiga ƙarƙashin mota tana kan jak ko kan bulon siminti, sai da muka samo gungumen katako. Na tafi Ƙofar Ruwa a Kano da tsohon silibu a cikin buhu, domin a wannan kasuwa in ka je da baki kawai, abin da aka ga dama za a miƙo maka. Na sayo saitin silibu huɗu da fistin da zobba da abin toshinsu, da gasket na kirki wanda ya ninka na farko kuɗi. Araha dai ba ta ado.

Wurin da ya fi cin lokaci shi ne zaunar da silibu. Sai da muka kankare mazauninsu har ya yi ƙyalli, saboda ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta karkatar da shi. Sannan dole bakin kowanne ya ɗara saman ganga da kamar kaurin takarda, kuma huɗun su yi kusan daidai da juna, don gasket ya matsu ko'ina. Dattijon da farcensa yake ji, ni kuma na bi da rula da siraran ƙarafan awo, kuma ko sau ɗaya farcen bai yi ƙarya ba. Wajen ɗaure tof muka ari sifana mai ma'auni, muka fara daga kusoshin tsakiya muna fita waje, a hawa-hawa, ba a ɗaure ɗaya tamau a bar sauran ba. Bawul muka saita injin na sanyi, na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Kontak 0.4, bakin fulogi 0.6.

Ina shirin zuba ruwa sai ya tsayar da ni. "Malam, gasket ba ya ƙonewa don kansa. Me ya sa ta tafasa tun farko?" Wata uku ina aiki a kan motar ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba.

Muka bi sawu. Lagireto da muka kai aka buɗe, kusan rabin bututunsa a toshe suke da farin dutse, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi. Shekara da shekaru ruwan rijiya ake ɗura mata. Murfin lagireton robarsa ta mutu, ba ya riƙe matsi, ruwan da ba matsi kuwa da wuri yake tafasa. Fankar fijo ba kullum take aiki ba, tana da maganaɗisu da ke kama ta in injin ya yi zafi, kuma ɗan gawayin da ke kai mata wuta ya cinye ƙurmus, wato a ranar nan ta Daura fanka tana juyawa ne a banza. Tamostat kuwa, abin da ke tare ruwa har sai injin ya ɗumama, babu shi sam, wani ya cire ya jefar tun tuni. Wannan al'ada ce da ta zama ruwan dare a garejinmu, wai ƙasarmu da zafi, abin Turawa ne. Ni ban yarda da ita ba. Cire shi ba ya buɗe lagireton da ya toshe, ɓoye ciwon kawai yake yi na ɗan lokaci, sannan da safiyar hunturu injin ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci kansa. Mun ɗan yi gardama da dattijon a kan wannan, domin shi ma ya cire ɗaruruwa a rayuwarsa. A ƙarshe ya ce, "Motar gidanku ce." Na sa sabo. A kan fanka kuwa ni na bi nasa ra'ayin, muka ɗaure ta ta riƙa juyawa kullum, tunda samun kayan gyaranta na ƙwarai yanzu wuya ne. Ruwa kuma na kanti muka zuba, mai maganin tsatsa.

Sauran aikin ba shi da wani labari, sai dai cin kuɗi. Man birki yana shan danshi in ya daɗe, don haka duk robobin birki da na kuloci sabbi muka sa, da tiyonsu, muka fitar da iska ni ina ƙasa ƙanena yana taka feda. Tayoyi na ƙi na hannu, na duba lambobi huɗun da ke gefe masu nuna mako da shekarar da aka yi su. Wayoyin da ɓeraye suka ci mai rewaya na kira, don bayan darasin silibu na daina kunyar cewa ban iya ba. Da na zauna na yi lissafi, kuskuren juya injin nan shi kaɗai ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na duk abin da na kashe, ya kuma ƙara wata biyu a kan aikin. Gaskiya ko da ban yi shi ba silindar nan mai tsatsa da wuya ta yi nisa, amma wannan ta'aziyya ce nake yi wa kaina. Aikin gaba ɗaya wata bakwai ya ɗauka. Abu uku ne ba a gida aka yi su ba: share tof, wanke lagireto, da waldar ƙasan but.

Mako biyu na yi ina zagaya gari da ita, daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Ƙaura in dawo, ina duba mai da ruwa safe da yamma. Man ya tsaya da launinsa. Sai ran wata Asabar muka ɗauki hanyar Daura, wajen kilomita 80, Baba a gaba da babbar riga, Hajiya da jika biyu a baya, jarkar ruwa da sifanu a but. Ban wuce gudun 70 ba saboda sabbin zobba. A Mashi na tsaya na buɗe bonet, ba don wani abu ya faru ba, zuciyata ce kawai ba ta kwanta ba. Wasu direbobi suka taso daga rumfar mai shayi suka kewaye ta, ɗaya yana tambaya ko ta sayarwa ce. Allurar zafi ba ta haura tsakiya ba har muka shiga Daura, muka sauka gidan gwaggonmu.

A hanyar dawowa, bayan la'asar, Baba ya sa na kashe rediyo. Ya karkata kai yana saurare. Can ya ce, "Akwai bawul ɗaya da ke surutu." Ni ban ji komai ba sai da ya faɗa. Dattijon dama ya gargaɗe ni cewa in ta yi kilomita 1,000 a bar ta ta kwana ta huce, a sake ɗaure kusoshin tof, a sake saita bawul, domin sabon gasket yakan zauna. Yanzu tana 640. Gilashin ƙofar baya na hagu har yau ba ya sauka, agogon mai yana nuna rabi ko tanki a cike yake, fenti kuma sai bayan damina in albashi ya yarda. Fetur tana sha kamar raƙumi, ga tsadarsa tun da aka cire tallafi a 2023, don haka Juma'a kaɗai take fita, ta kai Baba masallaci ta dawo gindin bedi.